Mazauna Wikin Ofis

Duk ma'aikatar da ke da wikin da ake rubuta yadda ake girka manhajoji tana da waɗannan bayin Allah, sunaye ne kawai ke bambanta.

Shugabansu shi ne Malam A-Wajena-Yana-Aiki. Shi ya rubuta shafin, kuma shi kaɗai shafin yake yi wa biyayya. Kwamfutarsa ta shekara da shekaru tana haɗiyar tarkace, duk abin da manhajar ke buƙata yana kwance a cikinta tun zamanin da shi kansa ya manta, don haka tsakanin mataki na uku da na huɗu akwai wasu matakan da ba su taɓa ganin rubutu ba. Sai ka bi shafin layi-layi a kan sabuwar Ubuntu, allo ya watso maka jan rubutu, ka tashi ka same shi. Ba zai leƙa allonka ba. Nasa zai juyo maka, ya buga umarnin, abu ya tafi sumul, sannan ya yi maka kallon tausayi irin wanda ake yi wa ɗalibin da ya faɗi jarrabawa.

"Ikon Allah! A wajena dai yana aiki."

Ka ce, "Oga, shafin nan fa Python 2 yake nema, wanda aka daina kula da shi tun Janairun 2020." Sai ya ce ai ba doka aka kafa a kansa ba. Matakinsa na ƙarshe kuwa cewa yake yi, "sai a saita sauran yadda aka saba." Su wa suka saba? Allah masani.

Akwai Hajiya Mai Hoto, wadda ke ɗaukar hoton dogon umarni ta liƙa maimakon ta rubuta, ta bar ka kana ƙura ido ko sifili ne ko harafin O. Maƙwabcinta a Word yake tsara nasa rubutun, Word kuma ya lanƙwasa masa alamomin zance, ya haɗe gajerun layuka biyu su zama dogo ɗaya, umarni ya ƙi ci. Wani kuma ya shigar da layin misalin YAML da maɓallin Tab, abin da YAML ba ya yafewa. Sai Boka, mai magani ɗaya ga kowace cuta: chmod 777.

Mai Kalmar Sirri yana ba ni dariya da tsoro a lokaci guda. Ya kwafo fayil ɗin saitin ainihin saba, da kalmar sirrinta da komai, ya ajiye a matsayin misali. Da aka yi masa magana sai ya goge layin, ya sauke ajiyar zuciya. Tarihin shafi kuwa na nan riƙe da ita, duk mai so ya buɗe ya karanta.

Masu liƙa sanarwar "wannan shafi ya tsufa" su yi gaba abinsu, ba zan tsananta musu ba. Mutanen kirki ne, aiki ne ya yi musu yawa, kuma ba sai an binciki wanda ya liƙa ta shafin firinta ba.

Wanda ba na yi wa dariya shi ne Mai Shiru. Wannan ya bi shafin, ya ci karo da kuskuren, ya kashe yini guda har ya gano gyaran, ya gyara a kwamfutarsa, ya rufe bakinsa. Wata mai zuwa sabon ma'aikaci ya faɗa ramin nan dai, ya kwana yana zargin kansa da daƙiƙanci, Mai Shiru na kusa da shi yana shan shayi. In an tambaye shi ya ce, "Au, wannan? Ai na daɗe da sani." Sauran duk rashin sani ko gaggawa ce ta ja su, shi rowa ce tsagwaronta.

Idan kai ne, maɓallin gyara yana nan a saman shafin, kuma layi biyu ne kacal ake nema a wajenka. Don Allah ka rubuta su yau kafin a tashi.