Ƙusar Alhaji Ba Ta Ritaya

Ranar Asabar ɗin nan, ko addu'ar bayan sallar asuba ban gama shafawa ba, na ji bugu daga bayan katanga. Ƙwas, ƙwas, ƙwas. Shiru. Tsaki. Ƙwas, ƙwas, sai “Wash!” Duk wanda ya kwana biyu a unguwarmu ta Arawa a Gombe ya san wannan kiɗa, ya kuma san lokacinsa: hadari ya fara leƙowa daga gabas, magidanta sun tuna da rumfar bayan gida. Maƙwabcina Alhaji ne a kan kujera 'yar tsugunno, ya girke dutse tsakanin ƙafafunsa, yana miƙar da tsofaffin ƙusoshi ɗaya bayan ɗaya. “Wash” ɗin kuwa babban ɗan yatsansa ne ya karɓi rabonsa.

Na leƙa na ce, “Alhaji, barka da asuba. Aiki ya tashi ne?”

Ya ce, “Wane aiki, Malam? Ɗan gyara ne. Kafin azahar na gama.”

Har yanzu da nake wannan rubutu, azahar ɗin ba ta yi ba.

Rumfar tana da ƙafa huɗu. Ta farko ƙarfen tsohon gado ce. Ta biyu reshen darbejiya. Ta uku sandar allon kamfen ɗin wani ɗan takara da ya faɗi zaɓe, ya kuma manta da allonsa. Ta huɗu katangata ce. A ƙarƙashinta akwai janareton da ya daina numfashi tun kafin a cire tallafin mai, da firij ɗin da ya koma ma'ajiyar takalma, da buhun gawayi, da akuya mai ciki. Waɗannan ne dukiyar da ake ƙoƙarin karewa daga ruwa. Da na ce ko za a kira kafinta, sai Alhaji ya dube ni duban wanda aka zaga. “Kafinta? A kan wannan 'yar rumfar? Shi da me ya fi ni, hannu uku gare shi?”

Ba rumfar ce ta tsaya mini a rai ba, gwangwanin ƙusar ne. Kowane gida a unguwar nan yana da irinsa: tsohon gwangwanin madara, murfinsa ya lotsa, a ciki ƙusoshi sun yi tsatsa sun rungumi juna. Alhaji ya zazzage nasa a kan buhu, ya tsinto wata 'yar inci uku, ya ɗaga ta sama yana murmushi. Ya ce, “Wannan ƙusar Ingila ce. Yanzu ba a yin irinta.”

Na san ƙusar nan. Ma'aikaciyar gwamnati ce ta gaske. Ta kama aiki tun Gombe tana ƙarƙashin Bauchi, wato kafin 1996, a ƙyauren zauren mahaifin Alhaji. Da ƙyauren ya ruɓe aka yi mata canjin wurin aiki zuwa bencin ƙofar gida. Daga nan aka tura ta akurkin kaji, inda ta yi damina da yawa ba ƙarin girma. Ta taɓa samun ofis mai inuwa a falo, tana riƙe da kalanda, amma da uwargida ta yi fenti aka sake jefa ta ƙauye, wato ƙofar banɗaki. Dokar aikin gwamnati ta ce shekara 35 a bakin aiki ko 60 a duniya, mutum ya tafi gida ya huta. Ita kuwa duk lokacin da aka zare ta aka jefa a gwangwani, ta ɗauka fansho ya zo, sai hadari ya haɗu a kira ta aikin kwantiragi. Hularta ta tafi. Tsininta ya dakushe. An lanƙwasa ta an miƙar, an lanƙwasa an miƙar, har ita kanta ba ta san wane ne ainihin tsayuwarta ba. Ko sisin giratuti ba ta taɓa gani ba, sai guduma a ka.

A cikin gwangwanin ma akwai matakan albashi. 'Yan inci huɗu su ne daraktoci, ba sa fita sai babban aiki. 'Yan inci uku su ne ke ɗauke da ma'aikatar. Ƙusoshin kwano masu hula jami'an tsaro ne, kullum suna kan rufi rana da ruwa. Can ƙasa kuma akwai ma'aikatan bogi: noti marar abokin zama, makullin da ba a san ƙofarsa ba, da wani ƙarfe da ba wanda ya san aikinsa amma ba mai ƙarfin halin korarsa. Idan maigida ya rasu, ana kawo gona da gida da shanu gaban malamai a raba, amma ban taɓa jin an kawo gwangwanin ƙusa ba. Babban ɗa ne ke saɓe shi cikin dare, tun kafin sadakar uku.

Abin da zai ba ka haushi, Alhaji yana da sababbin ƙusoshi. Da idona na gan su. Wata shekara da iska ta yi ɓarna aka raba kayan agaji, ya samu kwano da ƙusa. Suna nan a ƙulle cikin takardar siminti, a saman sif, ko hasken rana ba su taɓa gani ba. Na ce, “Alhaji, ga sababbi can?” Ya ce, “A'a, waɗancan na ajiya ne, sai babban aiki ya taso.” Matasa na zaune ba aiki, tsofaffi sun ƙi sauka. Ko a nan ma ƙasar ba ta canza ba.

Kafin hantsi majalisa ta cika. Ba wanda ya aika musu, ƙarar guduma ce katin gayyata. Ga tsohon hedimasta, ga direban da ya ajiye tuƙi, ga mai shayin bakin layi da ya bar tukunya a hannun yaro. Kowa ya goya hannu a baya.

“Alhaji, ɗan karkato ta hagu.”

“Ina! Dama dai. Ba ka ga ruwa ta nan zai gangara ba?”

“Ni da za a bi tawa, a sauke duka a sake.”

Mai wannan maganar ta ƙarshe ko tsintsiya bai taɓa ɗaurewa a gidansa ba. Shugaban kwamitin fasaha kuwa wani dattijo ne da ya taɓa yin gadi a kamfanin siminti na Ashaka. Tunda ya shekara yana buɗe wa tirelolin siminti ƙofa, unguwa ta yanke hukuncin cewa ya san sirrin kwaɓi. Shi ya ba da fatawar cewa mudu biyu na siminti ya ishi baro huɗu na yashi, in dai an kwaɓa da niyya mai kyau. Haka aka yi. Simintin nan barbaɗa shi aka yi don neman albarka. Washegari akuya ta sosa ƙeya a jikin ginin, kusurwa guda ta zube.

Kada a ce ban san halin da ake ciki ba. Na sani. A jiharmu ake yin siminti, a Ashaka ta ƙaramar hukumar Funakaye, tun 1979, tirelolinsa kuma ta gabanmu suke wucewa, amma a farkon 2024 buhu guda ya haye naira 10,000, muna kallo. Bandir ɗin kwano mai falle 20 ya zama abin da ake shawara da iyali kafin a taya. In ka shiga Kasuwar Katako ka tambayi kuɗin tu-bai-fo, sai ka nemi wurin zama. Mai lallaɓa tsohon abu ba wawa ba ne. Amma lallaɓawa daban, ganganci daban, araha kuma ba ta ado.

Ana cikin haka ɗan Alhaji na sakandare ya fito da waya. “Baba, ga yadda ake yi a YouTube.” Aka taru a kansa. Wani Bature ne a Amurka, ya gina ɗakin ajiya a bayan gidansa cikin minti goma, yana fito. Yana da injin yanka, injin huda, injin ɗaure noti, da ma'aunin da ke fitar da jan haske. Katakonsa an yanke shi daidai tun daga kanti. Alhaji ya kalla har ƙarshe ya ce, “To, ai abin da nake yi ke nan.” Ya koma ya auna katako da kamu, ya rufe ido ɗaya, ya yanka da zarton da rabin haƙoransa suka zube. Katako ya gaza da yatsa huɗu. Aka cike giɓin da silifas.

Hujojin kwano kuma an yi musu maganin gargajiya na zamani: farin soson nan da ke zuwa cikin kwalin talabijin, a jiƙa shi da fetur ya narke ya yi danƙo, a liƙe. Kusa da buhun gawayi. Mai shayi yana tsaye da sigari a baki yana ba da shawara. Da aka gama aka ɗora tayoyi uku, da dutse, da tsohon murhu, da kan keken ɗinki, saboda ko Alhaji, can cikin zuciyarsa, bai yarda da 'yar Ingila ba.

Nan dariyata ke ƙarewa. Duk wanda ya ga iskar farkon damina a garin nan ya san ba ta tambayar tarihin ƙusa. Fallen kwano idan ya tashi sama ba ya zaɓar inda zai sauka, kuma lokacin da hadarin yamma ke tasowa shi ne lokacin da yara ke dawowa daga Islamiyya. Rumfarka ce, amma tsakar gidana ne filin saukarta. Tayoyin da ka jera a sama ruwa za su tara, sauron da za su ƙyanƙyashe kuma ba ya duba lambar gida. Yashin da ka kwaɓa, daga ina? Daga bakin kwari, da daddare, a baro. Kwarin nan da ya ci gidaje a garin nan, wanda gwamnati da Bankin Duniya ke zuba maƙudan kuɗi a ƙarƙashin shirin ACReSAL don a ɗaure bakinsa, kai kana bi kana yi masa susa. In abu ya faru kuma a tafa hannu a ce ikon Allah. Ikon Allah ne, ba musu. Amma an hore mu mu ɗaure raƙumi tukuna, ba a kuma ce da ruɓaɓɓiyar igiya ba.

Ga Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Fasaha nan kusa da mu, tun 1977 ake koyar da gini da aikin katako a cikinta. Ga samari birkiloli da kafintoci suna zaune a bakin titi tun safe, cokali da guduma a cikin buhu, suna jiran mai kira. Mutumin da zai yi ɗinki uku a biki ɗaya, ya sauya waya don ta abokinsa ta fi tasa kyamara, shi ne zai yi awa guda yana ja-in-ja da kafinta a kan kuɗin da bai kai na anko ba. In rumfa ta rufta kuma a aika a kira shi da gaggawa, ya gyara ɓarna, a ce masa, “Ka dawo in wata ya mutu.”

Da na ambaci baro sai raina ya ƙara ɓaci, domin baron da aka yi jigilar yashin nan nawa ne. Ko in ce nawa ne a da. Na saye shi sabo, kore, da kuɗina. Aro ɗaya aka yi, “yanzu-yanzu za a dawo da shi”, daga nan ya shiga duniya. A unguwar nan kayan aiki ba su da uba. Tsani, diga, shebur, kwanon sarki, duk wanda ya fita ƙofa ya zama wakafi. In ka bi sawu, wanda ka ba ya ba ƙaninsa, ƙanin ya ba surukinsa a Malam Inna, surukin ya yi tafiya. Wani ya rantse ya gan shi a Kagarawal da jarkokin ruwa. Wani ya ce a Tudun Hatsi ya gan shi yana dakon masara. In ka matsa da tambaya kai ne marar mutunci: “Haba Malam, a kan baro?”

Da bazarar nan na buƙaci kwashe shara, na aika yaro ya aro mini baro a layin baya. Sai ga shi ya turo nawa. An yi masa baƙin fenti, an yi wa hannun hagu walda, amma na gane kukan tayarsa tun daga kwana. Yaron ya ce, “Baba, an ce a gaishe ka, kuma wai don Allah ka kula da shi, kada a yi masa lodi da yawa, na mutane ne.” Kafin la'asar an aiko karɓa. Na bayar, har da godiya, saboda mai aron ya girme ni kuma tare muke sahu ɗaya a masallaci.

Don haka ga cigiya. Duk wanda baron nan yake hannunsa a wannan mako, ba na neman a dawo da shi, na san abin da ba zai yiwu ba. Roƙona biyu ne. A riƙa ɗiga masa baƙin mai a gindin taya. Sannan in Jauron unguwa zai tsara jadawalin masu aro, a taimaka a sa sunana, ko da a ranar Laraba ne.