Gem Ɗin Da Ko Na Yanzu? Masu Musu a Bencin Shago

Daga Ƙauyen Alu zuwa Unguwa Uku, a zaga ta Darmanawa a ɓullo Gyaɗi-Gyaɗi, da wuya mutum ya ratsa unguwa bai ci karo da irin shagon nan ba: labule a ƙofa, silifa zube a waje, benci biyu, talabijin uku, ga ƙaramin inji yana ta kuka a bakin kwata. Shagon gem ke nan. Ƙwallo ake bugawa a ciki, amma rabin hayaniyar ta musu ce a kan tambaya guda: wasan nan ya ci gaba kuwa, ko fenti kawai ake ƙara masa duk shekara?

Wasan ya girmi yawancin masu musun. Kamfanin Konami na Japan ya fito da Winning Eleven a 1995, a 2001 ya sa masa suna Pro Evolution Soccer a Turai, wanda kowa ya sani da PES, a 2021 kuma ya koma eFootball. Kishiyarsa FIFA, ta kamfanin EA na Amurka, ta riga shi da shekara biyu, ita ma a 2023 ta sauya suna zuwa EA Sports FC. Shekara talatin ana gyara abu ɗaya, dole a samu masu yabo da masu tsaki. Ga su nan yadda suke jeruwa.

Ɗan Bara

Ya haura talatin da biyar, yana da mata da 'ya'ya da shago a kasuwar Tarauni, kuma a wurinsa an rufe ƙofar gem tun 2006, shekarar da PES 6 ta fito. Duk abin da ya biyo baya wasan yara ne. Da ka taɓo zancen sai ya gyara zama ya fara da Adriano na Inter, wanda aka ba ƙarfin bugu 99, ya rantse maka cewa daga tsakiyar fili yake sakin ƙafar hagu mai tsaron raga ya bi ƙwallon da kallo.

In ya ga ana sauraro sai ya ƙara ja da baya zuwa zamanin PlayStation ta farko, lokacin da mai sharhi Jon Kabira ke ihu da Japananci, ba wanda ke jin abin da yake faɗa, kuma ba wanda ya damu. A nan ne zai ambaci Tijjani Babangida, haifaffen Kaduna da ya buga wa Ajax, ya kuma ci zinare da Najeriya a Atlanta a 1996. A Winning Eleven ta wancan zamani Babangida yana cikin waɗanda suka fi kowa gudu, har yaran Indonesiya da Barazil da ba su san inda Kaduna take ba sun haddace sunansa. Dabarar ɗaya ce: a tura masa ƙwallo ta gefe, a danne madannin gudu, sauran sai addu'a.

Ɗan Bara ya san Castolo da Minanda, 'yan wasan ƙirƙira da ake fara Master League da su, fiye da yadda ya san 'ya'yan maƙwabcinsa. Yana tuna lokacin da Manchester United ke amsa sunan Man Red, Arsenal kuma North London, saboda Konami ba ta sayi izinin sunayen ba, har Roberto Carlos ya zama Roberto Larcos. Wannan duk a wurinsa ado ne. Abin da ba ya faɗa shi ne a 2006 shekarunsa goma sha bakwai, ba kuɗin haya a kansa, ba kuɗin makaranta, kuma yatsunsa ba su yi nauyi ba. Hausawa sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Bara ma da wani yaro ɗan aji uku ya zura masa biyar ba ko ɗaya, cewa ya yi gem ɗin ne ya lalace.

Mai Kallon Gumi

Shi kuwa wannan hujjarsa a ido take. Zai tsayar da wasa ana tsaka da kai hari, ya matso da hoton fuskar ɗan wasa, ya ce, "Baaba, dubi gumi! Dubi ciyawa! Ka ga gemun Salah kuwa?" A ganinsa duk wanda ya kwatanta PlayStation 5 ta 2020 da PlayStation 2 ta 2000 yana bukatar tabarau. Kuma yana da gaskiyarsa: a da 'yan kallo a filin kwali ne aka jera, ƙwallo tana manne da ƙafa, fuskar ɗan wasa kuwa sai an duba lambar riga.

Rana ɗaya ce ba ya son a tuna masa, 30 ga Satumba 2021. Ranar aka saki eFootball 2022 kyauta, bayan Konami ta yi shekara guda tana cewa a yi haƙuri tana gina sabon abu. Abin da ya fito sai da duniya ta yi dariya: idanun Messi sun firfito, bakin Ronaldo ya karkace, 'yan wasa na gudu hannuwa a baya, ƙungiyoyi tara kacal za a iya zaɓa, Master League kuma babu ita. A kasuwar wasanni ta Steam, cikin mutum goma da suka ba da ra'ayi da ƙyar ake samun guda da ya yaba, sai da kamfanin ya fito ya nemi afuwa. An yi gyare-gyare daga baya, amma har yau in musu ya yi zafi Ɗan Bara yakan zaro wayarsa ya nuna hoton Messin nan, bai ce uffan ba.

Mai Ƙaura

Da PES aka yaye shi, amma da gasar Zakarun Turai ta bar hannun Konami ta koma FIFA 19 a 2018, shi ma ya tattara ya bi ta. Yanzu yana kallon tsofaffin abokansa da tausayi. Matsalarsa ɗaya: a PES madanni mai kusurwa huɗu ne na bugun raga, a FIFA kuwa mai da'ira. Duk sa'ad da ya tsinci kansa daga shi sai mai tsaron gida, tsohuwar tarbiyya takan motsa, ya danna mai kusurwa huɗu, ƙwallo ta tashi sama ta tafi neman wanda zai sa mata kai. Labarin da ya fi ɗaure masa kai ya zo a ƙarshen 2024, da hukumar FIFA da kanta, bayan rabuwarta da EA, ta shirya gasar duniya a Riyad da eFootball. Ya bar gida don FIFA, FIFA kuma ta koma gidan da ya bari.

An Riga An Rubuta

Ba a taɓa cin sa ba, cuta kawai ake yi masa. In aka zura masa a minti na 90, kwamfuta ce ta tsara. In ɗan bayansa ya tsaya kallo, an riƙe masa shi ne daga Japan. In duk wannan bai karɓu ba, hannun gem ɗin ne ya saki, sai ya miƙa wa mai shago: "Oga, canja min wannan, ba ya danna gudu." A canja masa, a ƙara masa uku.

Ba shi kaɗai ke da wannan zargi ba. A 2020 wasu 'yan wasa uku a Kalifoniya sun kai EA kotu suna cewa tana murɗa wahalar wasa a ɓoye don a sayi kaya, sai dai a 2021 sun janye ƙarar bayan kamfanin ya haɗa su da injiniyoyinsa. Ka ba shi wannan labari ka ga yadda zai ɗauki rabin farko ya bar maka na biyun. A ra'ayinsa gem ɗin da ya fi gaskiya, duk da cewa a wancan lokacin ma waya yake cewa an taka masa.

Alhajin Kwin

Ba ya zuwa shago sai don a gan shi. A waya yake bugawa, kuma ƙungiyarsa ta ƙunshi duk wani gwani da aka taɓa haifa, rayayye da wanda ya yi ritaya. A da sai mutum ya kwashe kakar wasa uku yana lallaɓa Castolo kafin ya tara abin sayen ɗan wasa ɗaya na kirki. Tun da EA ta shigo da Ultimate Team a 2009, Konami ta biyo da nata tsarin, hanya ta gajarce: ka sa kuɗi, ka buɗe kati, ka ga abin da rabonka ya kamo. Hukumomin Beljiyam sun kalli wannan a 2018 suka ce caca ce, a farkon 2019 EA ta daina sayar da makin sayen katunan a ƙasar.

Alhaji bai yarda caca ce ba, ya ce jari ne. Ya san ranar da sabbin katuna ke fitowa fiye da ranar biyan kuɗin makarantar ƙanensa. Da aka amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, ya yi ƙorafin tsadar data kwana biyu, a na uku ya sayi kwin. Tambaye shi ko wasan ya ci gaba, zai ce ƙwarai, tunda yanzu mai hali yana iya nuna halinsa. Sai dai sabis ya yanke masa yana kan gaba da ci biyu, a ba abokin karawarsa nasara, ranar ba mai jin kansa a majalisa.

Ɗan Farm Centre

Ya je kasuwar waya ta Farm Centre an ɗura masa "sabuwar PES ta bana", yana ta nuna wa mutane sabbin riguna da 'yan wasan da aka saya jiya-jiya. Ya rantse ta fi ta bara santsi. Gaskiyar magana, yawancin irin wannan tsohuwar PES ce ta na'urar PSP, wadda Konami ta daina yi tun PES 2014, ake kunna ta a waya da manhajar PPSSPP. Masu gyara ne ke sauya riguna da sunaye da hoton farko duk shekara, injin ciki yana nan yadda yake. Shi ne kaɗai a bencin da ke buga gem ɗin da, yana yabon na yanzu, kuma ya fi kowa kwanciyar hankali. Ba data, ba kwin, ba wanda zai yanke masa sabis.

Uwar Gidan Sims

Ba ta shiga shago, amma ta fi 'yan shagon hujja. A cikin gida take, da kwamfutar yayanta, tana buga The Sims, wasan da Will Wright ya ƙirƙira aka fitar a 2000, inda ake gina gida, a zuba kaya, a nemi aiki, a yi aure, a haihu. Ta zagaye gidanta da katanga, ta ware ɗakin baƙi, ta aurar da 'ya'ya huɗu ba tare da an yi rigimar lefe ba.

Ita lissafinta a jere yake. The Sims 2 ta 2004 ta kawo tsufa da gadon kamanni. The Sims 3 ta 2009 ta buɗe gari gaba ɗaya, mutum ya fita daga gida zuwa kasuwa ba jira. The Sims 4 ta 2014 ta zo ba wurin ninƙaya, ba yara masu tatata, jariri daga gadonsa sai makaranta. Sai a 2017 aka dawo da yaran masu tatata. Ta yaba da hijabi da hular da aka ƙara a 2019, ta yaba da mayar da wasan kyauta a 2022, amma ta lura cewa damina da sanyi, da kyanwa, da jami'a, kowanne daban ake sayar da shi, har jimillar kuɗin ƙarin ta wuce dala dubu. Ƙorafinta na ƙarshe shi ne wasan bai san mace biyu a gida ɗaya ba, alhali kishi kam an zuba shi har ya yi yawa. Da yayan ya ce ai wannan wasan 'yartsana ne, sai ta ce, "Yaya, kai da ka shekara goma kana sayen 'yan wasan da babu su a duniya?"

Kocin Bayan Benci

Ba ya biya, ba ya bugawa, ba ya tafiya. "Ba shi! Buga! Kai, wa ya ce ka buga?" A wurinsa ba abin da ya canja tun 1999.

Mai Shago

Shi ne kaɗai ke da littafi. A lissafinsa gem mai kyau shi ne wanda ke tashi da wuri, ba ya neman intanet, ba ya tsayawa sabunta kansa yamma ta yi yara sun taru. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2024. A Oktoban shekarar kuma yawancin Arewa ta shafe fiye da mako guda cikin duhu bayan lalata layin wuta na Shiroro zuwa Kaduna, inji ya yi ta shan ribar wata guda. Hannun sabuwar na'ura ɗaya ya fi tsohuwar na'ura sukutum tsada, ga shi An Riga An Rubuta yana buga shi da ƙasa duk sa'ad da aka ci shi. Rabin yaran da a da ke layi a ƙofarsa yanzu suna zaune a dakalin gidansu da waya, sai caji kawai suke kawo masa.

Shi ya sa bai jefar da tsohuwar PlayStation ɗin da ke lungu ba, mai PES 2013 a ciki, don ita ce ba ta taɓa ba shi kunya ba. Ya ji labarin da aka sanar a Satumban 2025 cewa asusun jarin Saudiyya da abokan hulɗarsa za su sayi EA, mai FC da The Sims, a kan dala biliyan 55, ya tambaya ko hakan zai rage kuɗin hannun gem, aka ce a'a, ya ci gaba da ɗaure waya da salatif. In Ɗan Bara da Mai Kallon Gumi suka kawo masa ƙara ya raba gardama, yakan miƙa wa kowa hannu ɗaya, ya saita minti biyar, ya cire ƙarin lokaci da fenareti, ya ce wanda aka ci shi zai biya.