Ɓera marar wutsiya

Shekara shida ina aiki da linzamin kwamfuta mai waya lami lafiya, sai ranar da wayar ta harɗe kofin shayina ta kifar da shi a kan takardun albashin ma'aikata. Nan take na rantse sai na sayi marar waya. Turawa dai ɓera suke kiran abin nan, saboda wayar da ke bayansa kamar wutsiya. Na farkonsa ma, wanda Douglas Engelbart ya ƙirƙiro a Amurka a shekarun 1960, da katako aka yi shi. To ni na gaji da wutsiya.

Na je wani shago a Titin Beirut na sayo baƙi mai sheƙi, na dawo ofis ina hura hanci. Na sa masa batir, na jefa kwalin da takardar bayanin a kwandon shara, don a ganina mai digiri bai kamata a koya masa riƙe linzami ba. Jar wuta ta kama a cikinsa. Na motsa shi. 'Yar kibiyar nan ta kan allo ko gezau.

Na girgiza shi a kusa da kunne kamar mai gwada ƙwai. Na hura masa iska. Na cire batirin na ɗan cije shi, yadda muke yi wa na rediyo muna yara. Na kashe kwamfutar na kunna har sau uku. Abokin aikina ya leƙo ya ce wataƙila sai an haɗa shi da intanet, na kuwa yarda, na ƙona data a banza.

Da azahar, rana na dukan tsakar ka, na hau adaidaita sahu na koma shagon, ina shirya zafafan kalamai tun daga hanya.

"Kai ɗan samari, mushe kuka sayar mini!"

Yaron, wanda bai wuce sa'ar ɗana na fari ba, ya karɓa da hannu biyu. Ya buɗe murfin batir, ya zaro wani ɗan mitsitsin abu da bai fi farcen babban yatsa ba, wanda yake kwance a gefen batirin da na cija. Ya soka shi a kafar USB ta kwamfutarsa, kibiya ta fara yawo kamar an saki akuya.

"Alhaji, ai wannan ne kunnensa. Linzamin yana aika saƙo ta iska, wannan yana karɓa. In ba ka sa shi ba, da wa zai yi magana?"

Sannan ya juya batirin ya ga sawun haƙora. Bai ce komai ba, Allah ya yi masa albarka. Na sayi abin goge allo da ba na buƙata, don dai in fita da sauran mutuncina.

A ofis kuma sabon salo. Kibiyar ta motsa, amma sai tsalle take kamar mai bori: in nufi hagu, ta faɗa ƙasa. Teburina irin mai gilashi ne a sama, wanda ake cusa katunan biki a ƙarƙashi. Ashe jar wutar nan haska tebur take yi, wata 'yar kyamara tana ɗaukar hoton wurin tana gane inda aka nufa, gilashi kuwa ba ya ba ta abin kamawa.

Baba masinja, da ko wayar shafa ba ya riƙewa, ya daɗe yana kallona.

"Ranka ya daɗe, ɓera ba ya tafiya a kan santsi. A yi masa shimfiɗa."

Ya jawo wani koren fayil daga kan kabad ya sa a ƙarƙashi. Shi ke nan, aiki ya tafi sumul.

Kwana uku oga yana tayar da jijiyar wuya a kan wani fayil da ya ɓata, har aka kafa kwamitin nema, aka ba ni sakatare. Ina zaune ina buga rahoton cewa mun duba ko'ina ba mu gani ba, ya shigo ya tsaya a kaina, ya ɗaga hannuna da linzamin gaba ɗaya, ya zare fayil ɗinsa.