Gafiyar Baffa Da Motata Mai Batir

A ranar 29 ga Mayu, 2023 aka sanar da cire tallafin mai, kafin mako ya zagayo litar fetur da muke sha ƙasa da naira 200 ta haura 500. Tun daga nan kowane mai mota a Kano ya koma malamin lissafi. Ni nawa lissafin ya kai ni ga sayar da tsohuwar akwalata, na yi ciko na karɓo haibirid 'yar Kwatano, mai tafiya da fetur da lantarki. Dillali ya rantse mini cewa ƙanshin mai kawai take shaƙa. A duniya ba sabon abu ba ne, tun 1997 Toyota ta fito da Prius a Japan, amma a ƙauyenmu da ke bayan Dambatta tawa ce ta fara taka burtali.

Da kaka na je, ana tsakiyar yankan dawa. Irin wannan mota idan tana tafiya a hankali injin fetur kashe kansa yake yi, batir ya ja ta shiru. Awaki suka ƙi kaucewa. Samarin bakin masallaci kuwa da suka ga mota na gangarowa ba ƙara, sai suka ɗauka mai ne ya yanke mini, suka taso suka kama turi suna cewa, "Sannu Yaya, Allah ya kawo mana sauƙin tsadar nan." Har ƙofar gida suka kai ni da turi, na kuma ba su na goro, don ba a mayar da hannun alheri.

Baffa ya ce a shigar da ita bayan gida, gindin rumbu, saboda idon mutane. Nan ta yi kwanakinta, but ɗinta cike da gyaɗar tsaraba.

Ranar komawa ina danna maɓalli fitilu suka tashi a gabana: mai ruwan ɗorawa an rubuta ABS, jar alamar birki, da wata mai hoton mota tana santsi. Baffa ya leƙo, ya kaɗa kai. "Ai na faɗa maka, ɗan nan. Baki ne." Kafin in amsa Inna ta fito da kaskon garwashi, aka turara motar ciki da waje har kujeru suka ɗauki ƙamshin habbatus sauda. Fitilu na nan daram.

Aka aika a kira bakaniken gari, gwanin babur da injin ban-ruwa da injin niƙa. Na ce masa wannan fa daban take. Ya ce, "Alhaji, mota duk mota ce, ba taya huɗu ba ne?" Ya ɗaga bonet, ya cusa kai. Motar a kunne take, shirunta ne ya ruɗe shi, ga shi kuma ita ke tada injinta da kanta duk sanda batir ya yi ƙasa. Daidai lokacin ta ga dama ta tada. Ban taɓa sanin mutum mai irin shekarunsa zai iya tsallake danga ba. Daga can bayan dangar yake karanto duk addu'ar da ta zo bakinsa, yana cewa shi bai taɓa komai ba, wallahi da mutanen ɓoye a ciki.

Da kyar aka lallaso shi. Yana dawowa hannunsa ya nufi wasu kaurarrun wayoyi masu ruwan lemo, ni kuma na yi ihun da ya tashi kajin maƙwabta, domin wutar da ke cikinsu ta haura bolt 200, ba irin ta batirin babur ba ce. Ya haƙura da bonet ya koma taya, ya kwance, ya duba takalman birki, ya same su da kauri. "Alhaji, birkinka sabo fil. Fitilar ce maƙaryaciya." Ya zaro baƙin salatif daga aljihu, ya yanka uku, ya liƙe kowace. Baffa ya ce madalla, turare ya yi aiki.

Wanda bai san ƙasarmu ba ya sani, babu fili a cikinta. Daga Dawakin Tofa zuwa Bichi, daga Minjibir zuwa Makoɗa, gona ce jikin gona, ba saura, ba daji, kowane taku da mai shi. Har wani Bature, Michael Mortimore, ya shafe shekaru tun wajen 1960 yana nazarin yadda jama'a masu yawa haka ke ci daga ƙasar da ba ta hutawa. Abin da bai rubuta ba shi ne, direban da ya kauce hanya a nan ba shi da inda zai faɗa sai cikin dukiyar wani.

Na kama hanyar Kano, ban yi nisa ba amalanken shanu ya ɓullo daga kwana, an lafta masa kara har ba a ganin yaron da ke kora. Na take birki da ƙarfina. Tayoyi suka ƙame, na murɗa sitiyari dama, mota ta ce ita gaba ta sani. Ta wuce shanun da kamar kamu ɗaya, ta shige cikin tulin harawar wani dattijo ta lume har gilashi. Tsayawa kam ta tsaya, a rairayi ƙamammiyar taya ma takan tsaya da wuri, sai dai wurin tsayuwar ba ni na zaɓa ba. Dattijon ya zo da lauje a hannu, ya tabbatar ina numfashi, ya yi mini barka, sannan ya faɗi kuɗin harawarsa a farashin bazara.

Daga nan har Kano a hankali na lallaɓo, injin fetur na ta gurnani ba hutu, allurar mai na sauka ina kallo.

A Ƙofar Ruwa aka nuna mini wani yaro da bai fi sa'ar ƙanena ba. Bai taɓa sifana ba. Ya ɓare salatif ɗin yana danne dariya, ya jona 'yar kwamfutarsa a ƙarƙashin sitiyari, ya ce, "Oga, tayar baya ta hagu ce ba ta magana." Ya yi mini bayani dalla-dalla. Kowace taya tana da sansa, ɗan abu da bai kai yatsa ba, yana ƙirga juyawarta yana aika wa kwamfutar birki. Idan ta ga wata taya na shirin ƙamewa, sai ta riƙa kamawa tana saki sau da yawa cikin daƙiƙa guda, don sitiyari ya ci gaba da jin magana. Wannan dabara ta ABS tun 1978 Bosch da Mercedes suka sa ta a kasuwa. Amma a haibirid akwai ƙari: yawancin rage gudu ba takalmin birki ke yi ba, injin lantarkin ne ke juyewa ya zama janareto, ya riƙe motar, ya zuba wutar a batir. Shi ya sa takalman ba sa cinyewa, kuma nan ne wani rabo na arahar man yake. Da zarar sansa ɗaya ta yi shiru, kwamfuta ba ta yarda da lissafinta, sai ta kashe ABS da mai hana santsi, ta janye cajin birkin, ta bar ka da birki irin na kakanni da nauyin batir a baya.

Ya sa jak, ya cire tayar, ya haska da waya. Ga siririyar wayar sansa an gwaguye ta biyu, ga shatin haƙora, ga ɓawon gyaɗa an tara a lungu, har da kashi don kada a yi musu. Gafiya ce. Na fara tsine mata, yaron ya ce, "Oga, in ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Wa ya kai mata gyaɗa har gindin rumbu?" Na ce Baffa ne. Ya ce wani lokacin ma ba ɓera ba ne, taɓon damina ko guntun kara kan tsinke wayar, ko ƙurar ƙarfe ta lulluɓe kan sansar. Sabuwar waya da kuɗin aikinsa gaba ɗaya ba su kai rabin abin da na biya na harawa ba.

Na buga wa Baffa waya na ba shi labari. Ya yi shiru, sannan ya ce, "To ita gafiyar wa ya turo ta?"

Don haka mai haibirid, idan za ka gida da kaka, ka ajiye ta nesa da rumbu, ka sauke gyaɗa daga but, kuma in fitilar ABS ta kama, mai kwamfuta za ka nema, ba mai salatif ba.