Sannu da Haƙuri, Ƙwayar Tarin Fuka

Ranki ya daɗe, ƙwayar tarin fuka, yau ke za a yaba, don duk cikin ƙwayoyin bakteriya masu shiga jikin ɗan Adam babu mai ladabinki. Ta kwalara garaje gare ta, cikin 'yan sa'o'i ta tsiyaye ruwan jikin mutum, gari ya ɗauka. Ke kuwa ba kya son a san zuwanki. Wani ya yi tari a motar haya da aka rufe gilasanta saboda hunturu, ki hau ɗan ɗigon da ido ba ya gani, na kusa da shi ya shaƙe ki, ki sauka can ƙuryar huhu. Ko sallama ba kya yi, don kada ki dami mai gida.

A can akwai masu gadi, manyan ƙwayoyin garkuwar jiki da likitoci ke kira makrofaj. Aikinsu su haɗiye baƙo, su kulle shi a wata 'yar jaka, su haɗe ta da wata jakar mai cike da sinadaran narkarwa, baƙo ya zama ruwa. Wasu ƙwayoyin, irin ta ciwon nimoniya, lulluɓe jikinsu suke yi da santsi don mai gadi ya kasa riƙe su. Ke ina! Girmanki ya wuce zillewa. Miƙa wuya kike yi ya haɗiye ki, sannan ki saki sinadaranki su hana jakunkunan nan biyu haɗuwa, ga kuma rigarki ta maiƙo mai kauri da ba kowane abu ke huda ta ba. Shi ke nan mai gadi ya koma mai masauki. Cikinsa ɗakinki, kitsensa abincinki, a nan kike hayayyafa har ya mutu. Wace baƙuwa ce ta taɓa girmama mai gadi haka, har ta zaɓi cikinsa wurin kwana?

Haƙurinki ma abin a jinjina ne. Akwai ƙwayar hanji da ke rabuwa biyu cikin minti 20, ke sai kin yi awa 15 zuwa 20. Bayan makonni jiki ya farga, ya tara dakarunsa su yi miki ganuwa. Ba kya fushi. Sai ki lafe, shekara goma, shekara ashirin, kina jira. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen duniya sun taɓa ba ki masauki, amma cikinsu a jikin kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari kaɗai kike tashi. A nan adalcinki yake fitowa fili, don kin fi son wanda ya riga ya durƙusa: mai ƙanjamau, mai ciwon suga, yaron da tamowa ta kama, magidancin da ya koma cin abinci sau ɗaya a rana. Sai tsakiyar ganuwar ta ruɓe, ta fashe cikin hanyar numfashi, ta bar kogo a huhu, mai gida ya fara tari. Tarin nan shi ne abin hawanki zuwa ƙirjin matarsa da 'ya'yansa da ke kwana ɗaki ɗaya da shi.

Dubi tukuicin da kike ba shi. Rigarsa ta yi masa yawa, zufa ta jiƙa shimfiɗa cikin dare ko da ana sanyi, ga jini a ƙyallen da yake ɓoyewa a aljihu. An ware masa kofi da kwano. Wannan ya ce sammu ne, wancan ya ce iska ce, ke kuma ki yi shiru a ɗora wa maƙiya da aljanu, don ba kya son a faɗi aikinki.

Dattijuwa ce ke, an ga sawunki a gawarwakin mutanen Masar na dā. Sai ranar 24 ga Maris 1882 Robert Koch ya tona asirinki a Balin. A 1921 aka fara rigakafin BCG a Faransa, yana kare ƙananan yara daga mugun nau'inki mai kama ƙwaƙwalwa, amma huhun manya kin ƙi sakinsa. Aka kawo maganin sitireftomaisin a shekarun 1940, ba a jima ba kika koyi jure masa. Madalla da ɗaliba mai hazaƙa! Yanzu sai an fara da magani huɗu a haɗe, a yi wata shida ana sha. Kin kuma san halin da muke ciki. Bayan wata biyu tari ya lafa, kuɗin mota zuwa asibiti ya gagara, a ajiye magani. Masu taurin kai cikin zuriyarki su tsira, su taso ba sa jin rifamfisin, ba sa jin isoniyazid.

A 2023 kin kama mutum kusan miliyan 10.8, kin kai kusan miliyan 1.25 kushewa, Najeriya kuma tana cikin ƙasashen da kika fi yi wa hidima. Gwajin kaki kyauta ne a cibiyoyin tarin fuka na gwamnati, magani ma kyauta, duk da haka kin yi sa'ar mutanen da tari ke kai su mako biyu, uku, har wata guda suna sayen maganin tari na kwalba a kemis.