Yadda ake neman biza daga Maraɗi

Neman biza daga Maraɗi da barin Maraɗi yake farawa. Ofisoshin jakadanci suna Yamai, tafiyar kusan kilomita 660, don haka mai nema zai bi motar asuba, ya ratsa Madawa da Ƙwanni da Dogonduci da Doso, ya sauka da kumburarrun ƙafafu, mai gadi ya ce masa ya dawo ran Litinin. Wannan ba ya cikin lissafi, gaisuwa ce kawai.

Mataki na farko fasfo ne, shi kuma ba ya samuwa sai da takardar haihuwa, kuma a nan gizo ke saƙa. Wanda aka haifa a Jiratawa ko Tibiri, a ɗakin kakarsa, tsohuwarsa ta san lokacin sarai: shekarar da Kunce ya hau mulki, 1974, bayan an cire gyaɗa. Takarda kuwa ta ce 1 ga Janairu, kamar yadda ta ce wa rabin unguwa. Sai batun suna. Mutum ɗaya ne, amma takardar haihuwa ta ce Mahamadou, ta lakkal ta ce Mahaman, katin ɗan ƙasa ya ce Mamane, banki ya ga dama ya rubuta Mohamed. A gida kuwa Ɗan Tani ake kiransa. Ma'aikacin da ke bayan gilashi zai jera takardun, ya ƙirga mutum huɗu, ya tambayi wanne ne mai tafiyar. Gyaran harafi ɗaya tak yana buƙatar kotu da shaidu da tambur da fotokopi, a buga hatimi a kan fotokopin, a sake yi wa mai hatimin fotokopi. To wai wa ya rubuta sunan tun farko? Jaririn ne ya riƙe alƙalami? Haba jama'a!

Na biyu, hoto. Farin bango, ba murmushi, ba hula. Dattijon da ko matansa sun manta siffar kansa, ranar mai hoto zai gani.

Na uku, bayanin asusun banki na wata uku. Alhajin da sitonsa ke cike da buhunan aya da wake, motocinsa na hanyar Kano, rabin kasuwa na riƙe da bashinsa, a idon takarda talaka ne futuk. Ɗan albashin da ke cin bashi a shagon wannan alhajin tun goma ga wata, shi ne mai cikakken dosiye.

Daga nan sai kuɗi. Bizar ƙasashen Shengen ta koma yuro 90 tun watan Yunin 2024, wato wajen jikka 59 na sefa, kuma in an hana mutum ba a maido masa ko dala. Ana son inshorar lafiya ta yuro 30,000, da tikitin jirgi da ɗakin otal da aka kama tun ba a san ko za a tafi ba. Faransa ta rufe ofishinta na Yamai a Janairun 2024, saboda haka mai son zuwa Faransa sai ya ƙetare wata iyaka ya roƙi izinin ƙetare wata.

Na huɗu, ko na bakwai, lissafin ya ɓace a cikin layi: randebu ta intanet. Ana cika shafin ƙarshe wuta za ta ɗauke. Babu shawara a nan.

Akwai kuma hujjar cewa mutum zai dawo gida. Mata biyu, ƴaƴa goma sha ɗaya, gona da tsohuwa mai jiran cefane ba su isa hujja ba, tunda babu wanda ya buga musu hatimi.

Wanda haƙurinsa ya ƙare, Katsina na nan ta hanyar Ɗan Isa da Jibiya, tafiyar da ba ta kai kilomita ɗari ba. Nijar ta fice daga CEDEAO ran 29 ga Janairun 2025, amma ƙungiyar ta ce a ci gaba da zirga-zirga ba tare da biza ba.