Takarda Zuwa Ga Mai Girma Santsi, Sarkin Ƙofar Gida

Takarda ta fito daga hannun masu tafiya a ƙasa na Sabon Birni da Isa, zuwa ga Mai Girma Santsi, wanda ba ya bambanta attajiri da almajiri. Gaisuwa mai yawa. Bayan haka:

Labari ya iso ƙasar Gobir cewa dangin Mai Girma na ƙasashen sanyi suna cikin takura. A birnin New York na Amurka, da dusar ƙanƙara ta daina zuba, awa huɗu ake ba mai gida, ban da sa'o'in dare, ya share gefen titin da ke ƙofarsa, in ya ƙi a ci shi tara. Tun 2003 kuma birnin ya ɗora wa masu gine-gine diyyar duk wanda ya faɗi a nan, sai fa ƙananan gidajen da masu su ke zaune ciki. A Jamus, da bakwai na safe tsoho ya fito da shebur yana watsa yashi, don ya san in wani ya karye a ƙofarsa, takardar lauya na tafe.

A nan kuwa Mai Girma ya miƙe ƙafa. Hunturun Gobir ba ya daskarar da ruwa, hazo da kaushi kawai yake kawowa. Kakar Mai Girma ita ce watan Agusta, lokacin da lakar fadamun Rima da Bunsuru ta sha ruwa, indararo na kwarara tsakiyar lungu, kwata ta cushe da ledar fiya-wata. Da rani ma bai rasa masauki ba: bakin rariya, inda ruwan wanka da na wanke-wanke ke kwanciya har gansakuka ta yi kore shar.

Nan yarinya mai tallar fura ke takawa, silifas ya yi gabas, ƙwarya ta yi yamma, ludayi na yawo cikin taɓo. Nan dattijo mai zuwa asuba da tocila ke zama daɓas bai shirya ba. Mazauna dakali su ce, "Subhanallahi! Sannu baba, tsautsayi ne." A kai shi wurin mai ɗori, 'ya'yansa su biya. Da la'asar mai rariyar ya zo dubiya da goronsa, ya yi addu'a mai tsawo, ya koma gida ya tsallake ruwan nan ya shige.

Kada Mai Girma ya ɗauka babu doka. Jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999 ya sa gina tituna da magudanan ruwa da kula da su a wuyan ƙaramar hukuma, kuma a Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Malaman Malikiyya ma tun tuni suka ɗora ramuwa kan wanda ya haƙa rami a hanyar jama'a har wani ya afka. Tsofaffi ba su manta duba-gari ba, balle sharar ranar Asabar ta zamanin Buhari da Idiagbon, wadda ba a fita sai an yashe kwata.

Abin da ya ɓata shi ne mai ɗaukar laifi. Mai gida ya ce hanya ta hukuma ce. Ma'aikacin hukuma ya ce ruwan daga gidan wani ya fito. Su biyun su haɗu a kan cewa ruwan sama na Allah ne.

Don haka masu takarda ke roƙon Mai Girma ya faɗi sunan ubangidansa kafin damina mai zuwa, a san ƙofar da za a kai lissafin kuɗin ɗori da na ƙwaryar fura. Ya aiko da amsa ta hannun mai unguwa. Ba sai ya taso da kansa ba.

Haza wassalam.